Tsatsa, Fenti da Ƙurar Dalma: Gyaran Jikin Tsohuwar Mota a Gida

(Taken shiri)

  Gaisuwa ta musamman ga mutanen Anka, Gummi da Bukkuyum, da na Daki Takwas da Nasarawar Burkullu, da direbobin da ke kan hanya yanzu suna jin mu. Allah ya kai kowa gida lafiya.

Yau tsohuwar mota za mu taɓa. Ina nufin irin wadda ke kwance a ƙofar gida ko gindin darbejiya, tayoyi sun sace, kaji sun mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa, amma mai ita ya hana 'yan gwangwan su ɗauka. Wani ta mahaifinsa ce. Wani da ita ya fara neman abinci, da ita ya yi aure, da ita ya kai tsohuwarsa Sakkwato ta tashi zuwa aikin Hajji. Idan ka ce masa ya sayar a kan kilo, sai ya yi maka kallon wanda ya zage shi. To, mai irin wannan mota, da kai muke yau. Za mu yi bayanin yadda ake kashe tsatsa, a toshe huji, a sake fenti da hannu. Akwai kuma wani gargaɗi da ya shafi mutanen wannan yanki fiye da kowa a Najeriya, za mu zo kansa.

A ƙasar nan in an ce tsohuwar mota mai daraja, Fijo ake nufi. Ƙirar 404 ta fito a Faransa a 1960, 504 kuma a 1968, har ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969. A 1975 aka fara haɗa Fijo a masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna, a shekarar da aka fara haɗa Basuwaja mai ƙirar kunkuru a Legas. Bayan kisan Janar Murtala Muhammad a watan Fabrairun 1976, 504 ta zama motar gwamnati ta ko'ina, daga sakatariya har gidan gwamna. Faransawa sun daina yin salun ɗinta a ƙasarsu tun 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Akori-kurarta kuwa, tambayi duk wanda ya yi fataucin hatsi ko albasa tsakanin Gummi da Gusau. Saboda haka wadda aka saya sabuwa a 1980 yau ta haura shekara 40. A Turai masu tara tsofaffin motoci na neman irinta ruwa a jallo, mu kuma ga ta nan awaki na hawa.

Mece ce tsatsa? Ƙarfe ne ya haɗu da ruwa da iska, ya fara komawa irin jar ƙasar da aka narko shi daga cikinta. In babu damshi, ba ta samun wurin zama. Kuma tsatsa ta fi ƙarfen da ta cinye girma, kumbura take yi, shi ya sa kake ganin fenti ya yi bororo. Duk inda ka ga wannan bororo, to aikin ya daɗe da farawa ta ciki. Kamar gara take a jikin azara: waje lafiya lau, sai ka danna yatsa ya shige.

Mu nan Allah ya rangwanta mana. A ƙasashen sanyi gishiri ake watsawa a titi don ya narkar da ƙanƙara, gishirin nan kuma shi ke cinye ƙasan motocinsu. Wannan ne dalilin da wata motar Kwatano za ka ga samanta na sheƙi, ƙarƙashinta kuwa ya rube. Mu ba mu da wannan, ga rani mai tsawo da ke busar da komai. Amma muna da namu. Laka ta damina da ke maƙalewa a cikin madigadi ta kwana wata uku tana riƙe da ruwa. Ƙetare rafi da mota. Ambaliya irin wadda ta auka wa Gummi a daminar 2024, inda ruwa ke shiga mota ya kwanta ƙarƙashin kafet. Ga buhunan takin zamani, wanda ke cin ƙarfe ba kaɗan ba, ga gishiri, ga fitsarin dabbobin da ake lodawa zuwa kasuwa, ga ruwan batir da ke ɗiga a mazauninsa. Mai akori-kura da ke sauke taki bai wanke bayan motarsa ba, shi da kansa yake ba tsatsa abinci.

Kafin ka sayi ko da gwangwanin fenti ɗaya, wanke motar tas, har ƙarƙashi, ka bar ta ta bushe. Ɗaga kafet, cire kujeru, fitar da safaya. Ɗauki sukundireba ka bi ƙasan ƙofofi, dokin ƙofa, wurin taka ƙafa, gindin but, kewayen gilashin gaba da na baya inda roba ta tsufa, da ƙarƙashin batir. Inda ƙarfe ke da lafiya za ka ji ya yi ƙara, inda ya mutu sukundireba zai lotsa shi ko ya wuce. Ka nemi maganaɗisu, ko na tsohuwar sifika ya isa, ka naɗe shi da ƙyalle ka bi jikin motar. Inda ya ƙi kamawa, wani ya taɓa cusa fila mai kauri a wurin, wato kwaɓin da ake cike lotsawar jikin mota da shi, kuma sau da yawa ɓarna ce aka binne.

A nan ne za ka yanke shawara, kuma ina roƙon ka faɗa wa kanka gaskiya. Salun ɗin 504 ba ta da shasi dabam. Jikinta shi ne ƙashin bayanta. Dokin ƙofa na ƙasa, da kan shokazoba na gaba, da inda ƙafafun baya suka kama, su ke ɗauke da motar. In tsatsa ta huda waɗannan wurare, maganar kwalliya ta ƙare, magana ta koma ta rai. Wannan aikin ƙwararren mai walda ne, ka kai masa, ka tsaya a kansa. Abin da mutum zai iya da hannunsa shi ne tsatsar sama, da ƙananan huji a ƙofa, madigadi, bonet da but. Wani lokacin ma sayen ƙofa ta hannu mai lafiya a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano ya fi faci sauƙi da arha.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, yanzu ga maganar da na ce za mu zo kanta. Ina so duk wanda ke wani aiki ya ɗan dakata.

Ba sai an ba mutumin Anka ko Bukkuyum labarin gubar dalma ba. A 2010 ne likitocin ƙungiyar MSF suka tarar yara na ta mutuwa a ƙauyukanmu: Yargalma, Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru, Duza, daga baya aka gano girman abin a Bagega. Yara kimanin 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Me ya jawo? An kawo dutsen zinariya mai ɗauke da dalma cikin gida, ana dakawa, ana niƙawa, ana shanyawa a tsakar gida. Ƙurar ta kwanta a ƙasa, yara masu rarrafe suka taɓa, suka kai hannu baki. Sai da aka kankare ƙasar gidaje ɗaya bayan ɗaya aka zuba sabuwa, Bagega kuma sai a 2013 aka yi mata nata.

Me ya haɗa wannan da mota? Tsohon fentin mota, musamman rawaya, ja, ruwan goro da kore, sau da yawa da sinadarin dalma aka haɗa launinsa. Akwai kuma jan fentin ƙasa na hana tsatsa da aka daɗe ana shafa wa ƙarfe, wanda wani irinsa da jar dalma ake haɗa shi. A tsofaffin motoci har da narkakkiyar dalma ake cike mahaɗar ƙarfe kafin a samu fila irin ta yau. Motar da ta shekara 40 kuma ta sha fenti hawa-hawa a hannun mutane daban-daban. Ido ba ya bambance mai dalma da marar ita, hanci ba ya ji. Saboda haka ka ɗauki duk tsohon fenti a matsayin mai dalma.

Yanzu ka kwatanta. Mutum ya tura mota cikin gida, ya jona injin gurza, ya kwana biyu yana tayar da ƙura, iska na kai ta kan tabarma, kan tulu, kan hatsin da aka shanya, kan ƙasar da jariri ke rarrafe. Yawan gubar bai kai na dutsen zinariya ba, wannan gaskiya ne. Amma hanyar ɗaya ce, daga ƙasa zuwa hannu zuwa baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma jikin ƙaramin yaro na tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke tsotsa in sun haɗiye daidai. Mai yawa kan kawo amai, ciwon ciki, jijjiga, har mutuwa. Kaɗan kuwa ba ya nuna alama, sai dai ya daƙushe ƙwaƙwalwa, yaro ya girma karatu na yi masa wuya, a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne. Mai juna biyu ma abin na ratsawa ya kai ga ɗan da ke cikinta.

Don haka in na ce gyara a gida, ina nufin da hannunka da kuɗinka, ba ina nufin a tsakar gidanka ba. Nemi fili a bayan gari ko kangon da yara ba sa wasa, nesa da rijiya, nesa da masussuka. Shimfiɗa tamfol ko leda mai kauri ƙarƙashin motar. Tsohon fenti a jiƙe ake cire shi: sanfefar ruwa, da bokiti a gefe, kana gogawa kana zuba ruwa, yadda abin da ke fita zai zama caɓi maimakon ƙura. Ko ka yi amfani da maganin cire fenti, ka shafa, ka jira ya yamutse, ka kankare da wuƙar fila. Shi ma maganin yana da ƙarfi, yana ƙona fata, tururinsa na sa jiri, sai a fili mai iska da safar hannu ta roba. Abu ɗaya da nake roƙon kada ka yi ko da wasa: ƙona fenti da wutar kabaid. Wasu na yi don sauri. Hayaƙin nan dalma ce kai tsaye zuwa huhu.

Rawani ko ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare wannan ƙura, haka ma takunkumin asibiti. Nemi na roba mai matatar iska a gefe biyu, wanda ke kama fuska. Ware kayan aiki dabam, ka tuɓe su a wurin aiki, kada ka kai wa mai ɗakinka ta haɗa da kayan yara. Kada ka ci goro ko ka sha shayi da hannun aiki. Wanke hannu da fuska da sabulu kafin ka ɗauki ɗanka. Abin da ka kankare, tattara shi a gwangwani mai murfi. Kada ya je bola, don yara na tsince-tsince a can, kuma takin bola gona ake kai shi. Tambayi ma'aikatan tsabtace muhalli na ƙaramar hukuma inda za a binne shi. Kuma almajirai da yaran unguwa da ke taruwa kallo, a kore su da lalama. Kada a ba yaro sanfefa a ce ya taya a ba shi na alawa.

(Ɗan gajeren kiɗa)

To, mu koma bakin aiki. Kama wuri ɗaya ka gama, kada ka tuɓe motar gaba ɗaya rana ɗaya, domin ƙarfe tsirara a lokacin damshi kafin gari ya waye ya soma ja. In ka goge da ruwa, busar da wurin nan take da ƙyalle da rana.

Tsatsar sama, buroshin waya da sanfefa mai lamba 80 sun isa, ka bi ta har sai ƙarfe ya yi fari yana ƙyalli, ka wuce iyakarta da kamar faɗin yatsa biyu. Za ka ga ƙananan ramuka da sanfefa ba ta kai ciki. Nan ne ake shafa maganin kashe tsatsa da masu kayan fenti ke sayarwa. Yawancinsa ruwan asid ne na fosfarik, yana mai da jar tsatsa baƙa mai tauri wadda fenti zai iya zama a kai. Amma a ji ni da kyau, siririyar tsatsa yake kashewa. In ka zuba shi a kan ɓawo mai kauri, sama ce kawai za ta yi baƙi. Ƙananan kusoshi da noti kuwa, jiƙa su kwana ɗaya ko biyu a ruwan tsamiya mai kauri ko ruwan kal, ka goge, ka ɗauraye, ka busar, ka shafa mai.

Inda ya huje, magani ɗaya ne: a yanke ruɓaɓɓen har inda ƙarfe ke da lafiya, a sa sabo. Mun san abin da ake yi a wasu garejin. A cusa takardar siminti ko ragar sauro ko tsumma, a lafta fila, a fesa fenti, mota ta fito tana walƙiya. Damina ɗaya za ta tona asiri. Ni a ganina wanda ya yi haka don ya sayar wa wani, algus ya yi, babu wani suna da za a ba shi. Ɗora takarda mai kauri a kan hujin ka zana siffarsa, ka yanko faci daga ƙarfe mai kauri ɗaya da na motar, wato wajen milimita ɗaya ko ƙasa kaɗan. Tsohon bonet ko rufin wata motar ya fi komai dacewa. Kwanon rufi bai dace ba, ya yi siriri, kuma farin sinadarin da aka lulluɓe shi da shi na fitar da hayaƙi mai sa zazzaɓi in wuta ta taɓa shi.

Ko kai za ka yi waldar ko kiran mai walda za ka yi, ka cire kan batir, ka fitar da kafet da duk abin da wuta za ta kama, ka ajiye bokitin yashi kusa. A kankare fenti daga inda wuta za ta taɓa. In aikin na kusa da tankin mai ne, a sauke tankin a kai shi nesa. Mutane na ɗauka tankin da babu mai ba shi da haɗari, alhali shi ya fi fashewa, don cike yake da tururin fetur. Waldar kuma ɗigo-ɗigo ake yi, nan ɗaya, can ɗaya, a bari ya huce, a dawo. In aka ja wuta a miƙe, ƙarfen mota siriri ne, zai kwaɓe ya yi tudu da kwari, ka ƙare da fila kilo-kilo. In da jan ƙarfe aka liƙe, a wanke garin nan da ake tsoma sandar a ciki sarai, in ba haka ba zai tayar da fenti daga baya. Sannan kada a manta da bayan facin. Wurin da ido ba ya gani shi ya fi buƙatar fenti, domin ta nan tsatsa za ta dawo.

Sai fila. Aikinta gyara fuska, ba toshe huji ba. Kada kaurinta ya wuce milimita uku. In ka ga wuri na neman fiye da haka, koma ga guduma ka ƙara fito da ƙarfen. Wajen haɗi, jan maganin da ke sa ta daskare kashi biyu cikin ɗari ake sawa, wato ga fila mai girman ƙwan kaza, magani kamar ƙwayar wake biyu. A zafinmu na bazara, da ma'auni ke wuce 40, cikin 'yan mintuna za ta sandare maka a hannu, don haka kwaɓa kaɗan-kaɗan, a inuwa, a kan faranti mai santsi. Kada ka kwaɓa a kan kwali, yana shanye ruwanta. Ga wani bambanci da ya kamata a riƙe: na ce tsohon fenti a jiƙe, amma fila a bushe ake goge ta, domin tana shan ruwa ta riƙe, ƙarfen ƙarƙashi ya yi tsatsa. Ƙurarta ba ta dalma ba ce, amma ba ta da kyau ga ƙirji, takunkumi na nan a fuska, kuma ka tabbata ka riga ka cire tsohon fentin kewayen a jiƙe. Naɗa sanfefa a jikin katako mai miƙe, fara da 80, koma 180, gama da 320. Rufe ido ka shafa da tafin hannu. Hannu na jin tudun da ido ba ya gani, kuma duk abin da hannu ya ji, fenti mai sheƙi zai nuna shi ninki biyu.

Daga nan sai fentin ƙasa, wanda masu sana'a ke kira firaima. Goge jikin da ƙyalle mai tsabta da maganin cire maiƙo. Ɗigon baƙin mai ko man gyaran dashbod, ko zufar hannu, ya isa ya sa fenti ya riƙa gudu yana barin ramuka. Rufe gilashi, fitilu da roba da takarda da salatif. Ƙarfe tsirara ana fara masa da firaima mai kama ƙarfe, sannan mai kauri hawa biyu ko uku. In ta bushe, a bi ta da sanfefar ruwa 400 zuwa 600. Kada ka bar mota da firaima kawai ka ce sai kaka in an sayar da wake za a ƙarasa. Firaima ta gama-gari na shan ruwa. Motoci nawa muke gani a tasha masu launin toka, tsatsa ta ɓullo ta cikinsa?

In ba duka tsohon fentin ka cire ba, yi gwaji. Jiƙa ƙyalle da tina, wato ruwan tsinka fenti, ka danna a wani lungu na ɗan lokaci. In fentin ya narke ko ya yamutse, to sabon da za ka ɗora zai iya tayar da shi, sai ka cire shi ko ka sa firaima mai raba tsakani. Kuma ka tsaya a kan kayan kamfani ɗaya, firaima da fenti da tina.

Wane fenti? A kasuwa za a nuna maka mai haɗi biyu, wanda ake zuba wa hadina. Yana da sheƙi, yana da ƙarko, masu sayarwa na yabonsa, kuma ba ƙarya suke ba. Sai dai hadinar nan na ɗauke da sinadarin da ke jawo asma, wani lokacin ta har abada, kuma takunkumi na gama-gari ba a dogara da shi a kansa. A inda ake bin ƙa'ida, sai a ɗaki na musamman da takunkumi mai jawo iska ta tiyo ake fesa shi. Shawarata, in shi kake so, gama duk shirin da hannunka, ka kai wa masu wurin fesawa. In kai za ka fesa, tsaya ga fentin selulos ko na mai irin na mota, wanda dama irinsu suka dace da motar wancan zamani. Ka duba gwangwani, ka tambayi marar dalma. Ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke kira a bi shi ne kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan. Babu amfanin ka sha wahalar cire tsohuwar guba ka shafa sabuwa.

Lokaci ma rabin aiki ne. Tsakiyar damina iska na da damshi, fenti kan yi hazo-hazo ya rasa sheƙi. Tsakiyar hunturu ƙura ce za ta zauna a kai tun bai bushe ba. Rana tsaka a bazara kuwa fenti na bushewa a iska kafin ya isa jikin mota, ya fito da kaushi. Ni na fi son ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke, buji bai sauko ba. Ka fesa da hantsi, bayan raɓa ta bushe, a ƙarƙashin rumfa mai shan iska, ka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Babu sigari, babu murhu, janareta kuma a kai shi can gefe, don tururin tina na kama wuta daga nesa. Zubar da ruwan da ke taruwa a tankin kwamfiresa kafin ka fara. Tace fentin. Gwada a kan tsohuwar ƙofa tukuna.

Riƙe bindigar fenti kamar taƙi ɗaya daga jikin mota, santimita 15 zuwa 20, a miƙe, kana tafiya da dukan hannu ba wuyan hannu kaɗai ba. Kowane layi ya hau rabin wanda ya gabace shi. Hawan farko siriri, kada ka damu in ana hango firaima. Jira minti 10 zuwa 15, ko abin da aka rubuta a gwangwani, ka ƙara. Hawa uku ko huɗu sirara sun fi ɗaya mai kauri. In ya zubo ya yi hawaye, ko ƙwaro ya faɗa, kada ka taɓa. Na san hannu zai yi ta ƙaiƙayi. Bari ya bushe sarai, bayan mako biyu ko fiye ka bi wurin da sanfefar ruwa 1500 ko 2000, ka goge da man sheƙi.

Maganar launi, akwai doka. In ka sauya launin mota, je ofishin lasin a gyara takardunka, domin launin da ke takarda shi jami'i zai duba. A halin tsaron da muke ciki, da shingaye a hanyar Anka zuwa Gummi da ta Gusau, ba ka son doguwar tambaya. Koren soja kuwa haramun ne ga motar farar hula, akwai dokar da ta hana tun 1977. Kada kuma ka shafe ko ka yanke inda lambar shasi take.

In an gama, buɗe ƙananan hujojin da ke ƙasan ƙofofi da tsinke, don ta nan ruwan sama ke fita. Sauya robar gilashi da ta tsage. Fesa kakin hana tsatsa ko mai mai kauri cikin ƙofofi da dokin ƙofa kafin kowace damina. Wasu na amfani da baƙin mai, yana hana tsatsa kam, amma yana cin roba, yana ɗiga ya ɓata ƙasa, sabon mai ya fi. Wanke laka daga madigadi duk lokacin da ka dawo daga ƙauye, ka ɗauraye bayan akori-kura ranar da ka sauke taki.

Lokaci ya cim mana. Roƙona ga iyaye mata da ke saurare: in maigida ko ɗanki ya turo tsohuwar mota cikin gida zai gurje fenti, ki ce masa a fitar da ita waje, ki ce a rediyo kika ji. Wanda kuma ya riga ya yi irin wannan aiki a inda yara ke wasa, ya yayyafa ruwa, ya kankare saman ƙasar wurin ya fitar, ya zuba sabon yashi, kada a share a bushe. In yaro na yawan ciwon ciki, ko amai, ko kasala, ko jijjiga, a kai shi asibiti da wuri, a gaya wa likita cewa an yi aikin tsohon fenti a gidan, a nemi gwajin dalma.